Yadda Na Koma Yi Wa Masu Tatata Dabo Bayan Yatsuna Biyu Sun Mutu

Sana'ata dabo ce. Babu tsafi a ciki, babu aljanu, babu wani abu da ake binnewa. Saurin hannu ne da sanin inda idon mutum yake kallo da inda ya manta bai kalla ba. Na fara da wannan bayani ne saboda har yau akan ja ni gefe a tambaye ni da ƙaramar murya. A yanzu yawancin masu kallona ba su kai shekara uku ba, wasunsu ma ko tsayuwa ba su fara ba, a cinyar uwa suke kallo. Ina so in ba da labarin yadda na iso nan, ko Allah zai sa ya kai ga wani da ke zaune a ɗaki yana kallon wata gaɓa ta jikinsa da ta daina jin maganarsa.

Na taso da i'ina mai tsanani. Kafin in haɗa jimla ɗaya yara sun fashe da dariya, don haka na koyi yin shiru tun da wuri. Wata rana kawuna ya zo gidanmu, ya same ni a rakuɓe, ya ɗora kuɗin ƙarfe a tafin hannunsa, ya dunƙule, ya ce in hura. Da ya buɗe babu komai. Sai ga shi ya zaro kuɗin daga bayan kunnena. Na bi shi da naci har ya gaji ya nuna mini yadda ake maƙale kuɗin a tsokar tafi alhali hannu yana kama da wanda ba ya riƙe da komai. Ya ce, "Yaro, kar ka damu da hannunka, ka damu da idon mai kallo." Daga ranar madubi ya zama abokin hirata. Da na fara nuna wa yaran da ke yi mini dariya, sai na ga sun yi tsit suna jiran abin da zan yi, kuma a karon farko babu mai gaggawar in gama magana. I'inar ma ta riƙa sassautawa duk lokacin da akwai wani abu a hannuna.

Da na girma na karkata ga karta. Ita ce ta ciyar da ni, da ita na yi aure, da ita na riƙe gida. Ina zuwa liyafar ma'aikatu da manyan taruka, ina bi tebur-tebur, mutum ya zaɓi kati ya sa hannu a kai, ya mayar cikin sauran, ya gauraya da kansa, can ya tsince shi a ninke cikin aljihun rigarsa. Ina son aikin ƙwarai. Ina son wannan ɗan shirun da babban mutum yake yi kafin ya ce kai, ba zai yiwu ba.

Sai ranar da santsi ya kwashe ni a bakin wata ƙofar gilashi. Na kai hannun hagu don in tare, hannun ya fasa gilashin ya shige, ya yanke ni a ƙasan wuyan hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa. An yi mini aiki a daren. Da na farfaɗo likita ya zauna ya yi mini bayani. Akwai jijiyar nan da idan ka bugi gwiwar hannunka a jikin wani abu sai ka ji zirr har ƙaramin yatsa. To ita ce ta tsinke. Ita ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, ita kuma ke sarrafa yawancin ƙananan tsokokin da ke cikin tafi, waɗanda ke ware yatsu su haɗe su. Ya ce, "Malam, mun ɗinke ta. Irin wannan jijiya tana tofowa, amma a hankali, wajen milimita 1 a rana. Kafin ta isa, tsokokin za su rame. Ba zan yi maka alkawarin hannun zai koma yadda yake ba."

Masu zuwa dubiya kusan bakinsu ɗaya: Allah ya taimake ka, hagu ne. Ina amsawa da alhamdu lillahi, domin da gaske abin godiya ne, da ƙarar kwana da ba a wannan zance. Amma ban san yadda zan fahimtar da su ba cewa ga mai dabon karta na-dama, hagu ne ke riƙe da kartar gaba ɗaya. Ƙaramin yatsan hagu shi ke tokare 'yar ƙaramar tazara tsakanin kati da kati, tazarar da mai kallo ba ya gani, kuma a kanta aka gina kusan duk abin da na iya. Wannan yatsan ne ya mutu. Watanni suna tafiya ina zuwa wurin masu gasa hannu, ina matsa ƙwallon roba, ina ƙoƙarin riƙe takarda tsakanin yatsu tana zamewa. Na zuba ido ina kallon tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni tana lotsawa har wurin ya zama rami. Yatsun nan biyu suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa.

Na gwada komawa aiki da na ga ji ya fara dawowa kaɗan. A tsakiyar wasa, gaban mutane masu yawa, kartar ta sulale daga hannuna ta watse a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ma ya sunkuya yana taya ni tsincewa yana cewa sannu, sannu. Wannan sannun ta fi dariya ciwo, don ta nuna mini cewa ba mai dabo suke gani ba, majinyaci suke gani. Na koma gida na tura akwatin kayana ƙarƙashin gado.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi duhu a rayuwata. Na daina fita. Na daina ɗaga waya. I'inar da na yi zaton na rabu da ita ta dawo da ƙarfinta, har ya zama matata ce ke amsa mutane a madadina. Ita ta ɗauki nauyin gida da ɗan aikin da take yi, ba ta taɓa goranta mini ba, amma ina jin motsinta da dare tana lissafi a zuci. Wani abokin sana'a ya turo mini bidiyon René Lavand, ɗan ƙasar Ajantina wanda mota ta raba shi da hannun dama yana da shekara 9, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen karta na duniya da hannun hagu kaɗai, har ya rasu a 2015. Niyyarsa alheri ce. Na kalla na yi kuka, amma ba kukan samun ƙarfin gwiwa ba ne. Shi tun yana yaro ya gina komai a kan hannu ɗaya. Ni kuwa duk ƙuruciyata na zuba ta a kan hannu biyu, kuma a lokacin ban ga ƙarfin da zan sake farawa daga tushe ba. Ina faɗin wannan ne don masu jinyar irina su sani: labarin jarumai ba kullum yake ɗaga mai rauni ba, wani lokaci ƙara nuna masa nisan tafiyar yake yi.

Yayata ce ta fito da ni. Ta daɗe tana aiki a gidan rainon yara. Ta shigo ɗakin wata safiya ta yaye labule ta ce, "Ƙanina, tashi. 'Yar abokiyar aikina za ta cika shekara biyu, na ce musu kana zuwa."

Na ce, "Yaya, ɗan shekara biyu me ya sani a dabo?"

Ba raini ne ya sa na faɗi haka ba, abin da kowa ke faɗa ke nan a cikin sana'ar. Masu dabo da yawa ba sa karɓar bikin yaron da bai kai huɗu ba. Hujjarsu ita ce wanda bai san yadda duniya ke tafiya ba, ba zai yi mamaki ba idan ka karya ƙa'idarta. A wurinsa kunna fitila da ɓacewar ƙwallo duk ɗaya ne. Kuma a zuciyata na ji cewa daga manyan taruka zuwa zama a ƙasa da masu kunzugu faɗuwa ce da ba ta da tashi.

Ba ta yi gardama da ni ba. Ta jawo akwatin, ta zazzage shi a kan gado, ta ɗauko kwalin nan na tsakiyar takardar tishu. Duk abin da ya shige cikinsa sai ta ware gefe: kuɗin ƙarfe, ƙananan ƙwallayen soso, zobba, maganaɗisu, da 'yan fitilun da ake sawa a yatsa. Ta ce duk abin da ya wuce ta nan zai iya tsayawa a maƙogwaron yaro. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: manyan ƙyallayen siliki masu launi, jaka mai ciki biyu, sanda mai lanƙwashewa, doguwar hula, da wata 'yar tsanar zomo ta sawa a hannu wadda na saya tuntuni ban taɓa amfani da ita ba.

Na zura hannun hagu cikin zomon don kawai in ɓoye shi daga idon mutane. Sai na tsaya cak. Irin wannan 'yar tsana yatsu uku take buƙata: manuni a kai, babban yatsa da na tsakiya a hannuwa biyu. Sauran biyun naɗe su ake yi a tafi. Nawa kuwa a naɗe suke dama. Na motsa, zomo ya ɗaga kai, ya share fuska, ya kalli Yaya. Tun ranar da gilashi ya yanke ni, wannan ne abu na farko da hannun ya yi daidai ba tare da na yi yaƙi da shi ba.

A wurin bikin Yaya ta hana ni tsayuwa. Ta ce dogon baƙo a tsaye dodo ne a idon yaro, in zauna a ƙasa, in bar tazara, kar in kira kowa, su za su zo. Na zauna na fara hura kumfar sabulu. Masu rarrafe suka fara matsowa, masu ƙiwa suka leƙo daga bayan iyayensu. Na ɗora hula a gabana, zomo ya leƙo ta baya ya koma. Na yi kamar ban gani ba, ina tambaya ina zomo yake. Ya sake leƙowa. Wata yarinya ta nuna da yatsa tana ihu iya ƙarfinta, sauran suka ɗauka. Ni ina waige-waige ina nema, su suna gani, suna ta ƙoƙarin faɗa mini da gwarancinsu. Na sa jan ƙyalle a jaka, mai bikin ta zura hannu ta jawo shuɗi. Ta kalli ƙyallen, ta kalli jakar, ta kifa ta tana girgizawa, ta leƙa ciki. Ta san ja aka saka. Tana neman jan.

Wannan leƙen da ta yi ya hana ni barci, kuma shi ya sa na shiga karatu a kan hankalin jarirai. Jean Piaget, masanin nan ɗan Switzerland, ya yi bayanin cewa sai wajen wata 8 jariri yake fara neman abin da aka ɓoye masa, wato ya gane abu yana nan ko da ba ya ganinsa. Daga baya, a shekarun 1980, Renée Baillargeon ta nuna cewa jarirai 'yan wata 4 zuwa 5 sukan daɗe suna kallo idan aka nuna musu abin da ba zai yiwu ba, kamar allo ya ratsa ta inda akwati yake. A 1992 Karen Wynn ta ɓoye 'yar tsana ɗaya a bayan labule, ta ƙara ɗaya a gaban idon 'yan wata 5, da aka yaye aka ga ɗaya kawai sai suka ƙura ido fiye da yadda suke yi idan biyu ne. Wanda ya fi taɓa ni shi ne binciken Aimee Stahl da Lisa Feigenson na Jami'ar Johns Hopkins a 2015. Sun nuna wa 'yan wata 11 abin wasa kamar ya ratsa bango, wasu kuma kamar ya tsaya a iska. Da aka miƙa musu, waɗanda suka ga ya ratsa bango suka riƙa buga shi a tebur, waɗanda suka ga ya tsaya a iska suka riƙa sakinsa ya faɗi. Gwadawa suke yi. Ashe masu binciken nan dabo suke yi wa jarirai a ɗakin gwaji, kuma jariran suna lura sarai.

Saboda haka ne a wasana nake miƙa wa yaro abin da ya ba shi mamaki ya taɓa, ya juya, ya buga. Babba idan ka ruɗe shi yakan tafa ya wuce. Ɗan ƙarami sai ya bincika, kuma hana shi binciken zalunci ne a ganina.

Sauran abubuwan a ƙasa na koye su, a zaune tsakiyarsu. Ba na wuce minti 15 zuwa 20, kuma idan na ga sun fara watsewa kafin nan sai in naɗe, ba na riƙe su don in cika lokaci. A dabon manya doka ce kar ka maimaita abu sau biyu, don kar a gano ka. A nan maimaicin shi ne daɗin. Zomo zai leƙo ya ɓuya har sai sun fara hango zuwansa, dariyar kuma tana ƙaruwa ne daidai lokacin da suka san abin da zai faru. Suna son su ga abu ya gagari babba: in miƙa wa yaro sanda ta lanƙwashe, in karɓa ta miƙe, in sa hula ta zame ta rufe mini ido. Ba na shafa fenti a fuska, ba na sa abin rufe fuska, ko hular ma a gabansu nake sa ta don su ga mutum ne ya shiga ƙarƙashinta. Ba ƙara mai firgitarwa, ba wuta, ba dabba mai rai. Ba na ɗaukar ɗan kowa, kuma yaron da ya maƙale a jikin uwarsa ina barinsa a can, daga can ma yana kallo. Sau da yawa shi ne zai zo a ƙarshe ya shafa kunnen zomo.

A kan tsaro kuwa ba na sassauci, ko da iyaye za su ji haushi. Ma'aunin da hukumomi ke gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3 wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3.17, abin da ya shige ciki bai dace da su ba. Kwalin Yaya ya fi shi faɗi, don haka har yau shi nake bi. Ana yawan roƙona in murɗa balan-balan in yi siffar dabbobi. Ba na yi. Guntun balan-balan da ya fashe yana mannewa a hanyar numfashi, da wuya a fitar da shi, shi ya sa hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka take sa a rubuta gargaɗi a kansa game da yara 'yan ƙasa da shekara 8. Kayan dabo da yawa suna ɗauke da ƙaramin batir irin na agogo, wanda idan ya tsaya a maƙoshin yaro zai iya ƙona shi cikin awa 2. Ƙananan maganaɗisu kuma idan aka haɗiyi fiye da ɗaya sukan manne da juna ta cikin hanji su huda shi. Babu ko ɗaya daga cikinsu a akwatina. Kafin in fara ina zagaya wurin da ido, bayan na gama ina ƙirga kayana, ƙyallaye da zomo kuma wanki suke sha bayan kowane biki, don komai sai ya ziyarci baki.

Akwai abin da ban zata ba, shi ne iyayen. Bikin cika shekara ɗaya yaron ba zai tuna shi ba, na uwa da uba ne da suka yi shekara ba su yi barcin kirki ba. Wata rana bayan na gama, uwar mai bikin ta biyo ni bakin ƙofa idonta ya ciko. Ta ce, "Malam, bakwaini na haife shi. Mun daɗe a asibiti, an ce mu sa ido ko zai riƙa bin abu da kallo. Yau na ga ya bi zomon nan daga nan har can, ya yi dariya." Na rasa abin cewa, ba don i'ina ba. Na yi shekaru ina ruɗa manyan mutane, ba wanda ya taɓa faɗa mini magana mai nauyin wannan. Ta lura da hannuna da na cire zomon, ta tambaya, na ba ta labari a taƙaice. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, na ce amin, kuma a ranar addu'ar ba ta yi mini ciwo ba.

Ba zan ce kewar karta ta tafi ba. Wani lokaci cikin dare nakan ɗauko ta in riƙe, hannun ya tuna abin da zai yi, yatsan ya ƙi. Nakan ji zafin a ƙirji, in mayar in kwanta. Abin da ya canza shi ne da safe akwai inda zan je. A 2020 da annobar korona ta rufe taruka aikin ya tsaya cak, na gwada yi ta bidiyo, amma ɗan shekara biyu ba ya zama gaban allo don baƙo, kuma ba zai iya zura hannu a jaka ba. Mun sha wuya a gida. Sai dai ban koma ɗaki na rufe ƙofa ba, na zauna ina ɗinka sababbin jakunkuna da hannun dama, matata tana riƙe mini bakin yadin, har aka buɗe.

Hannun ya tsaya inda ya tsaya. Ji ya dawo rabi, ramin nan bai cike ba, idan sanyi ya yi yatsun sukan yi tsami. Likita ya ce abin da ya samu ke nan, na karɓa. Idan iyaye suka kira, tambayata ta farko ba yawan baƙi ba ce. Ina tambayar ƙarfe nawa yaron yake barcin rana, don mu sa wasan bayan ya tashi, sannan me yake tsoro, sannan yara nawa ne ba su kai uku ba, kuma ina roƙon kowane yaro babbansa ya zauna kusa da shi a ƙasa. A mako mai zuwa akwai bikin wasu tagwaye da za su cika shekara biyu. Uwarsu ta ce ɗayan yana firgita da duk 'yar tsanar da ke motsi, don haka zomo zai fara zama a kan hula ba motsi, yaron ya gan shi, ya taɓa shi in ya so. Idan ya saki jiki sai in zura hannu a gabansa yana kallo. Idan bai saki ba, da ƙyallaye da kumfa za mu yi wasan.